Yadda Ake Gina Amo da Salon Ƙungiyar Psychedelic Folk, Mataki-mataki

A tsakiyar shekarun 1960 wasu matasan makaɗa a Birtaniya da Amurka sun ɗauko waƙoƙin gargajiyar ƙasashensu, waɗanda aka saba yi da jita ɗaya da murya ɗaya, suka shigar musu da kayan kiɗan Indiya da na Maroko, suka tsawaita su, suka cika su da baitoci masu kama da mafarki. Wannan salon ne Turawa ke kira psychedelic folk. Idan kana sauraronsa sai ka ji kamar ka san waƙar tun kana yaro, amma duk inda ka zaci za ta bi sai ta kauce ta bi wani wajen.

Ƙungiyar da zan kafa misali da ita a wannan jagora ita ce Incredible String Band ta ƙasar Sikotilan. Mutum uku ne suka fara ta: Robin Williamson, Clive Palmer da Mike Heron. Faifansu na farko ya fito a 1966 a kamfanin Elektra, Joe Boyd ne ya jagoranci ɗaukarsa a situdiyon Sound Techniques da ke Landan. Wannan faifai bai yi nisa da gargajiya ba. Bayan fitarsa Palmer ya tafi yawon duniya, Williamson kuma ya nufi Maroko, ya dawo da kayan kiɗa, ciki har da gimbiri, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Da suka sake haɗuwa shi da Heron, sai amonsu ya canza gaba ɗaya. Faifan da suka fitar a Maris 1968, The Hangman's Beautiful Daughter, ya kai matsayi na 5 a jerin fayafayan da aka fi saye a Birtaniya, alhali babu ganga irin ta rok a cikinsa, babu kuma jitar lantarki mai tsawa. Ƙungiyar ta watse a 1974.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a share tun daga farko. Sunan salon yana da alaƙa da ƙwayar LSD, wadda ta yaɗu tsakanin matasan Turai da Amurka a wancan zamani, Birtaniya kuma ta haramta ta a 1966. Wannan tarihi ne, ba a ɓoye shi. Amma abin da kunne ke ji a faifai aikin hannu ne da tsari: yadda aka ɗaure tsirkiya, yadda aka jera kaya, inda aka ajiye makirfo. Duk ana koyonsu da hankali a kwance, kuma su ne abin da ke gabanmu. Hujjata a dukan matakan da ke tafe ita ce baƙuncin wannan amo daga itace da fata da maƙogwaro yake fitowa. Kwamfuta tana zuwa ne daga ƙarshe, kuma aikinta kaɗan ne.

Mataki na ɗaya: saurara sau uku kafin ka taɓa tsirkiya

Zaɓi waƙa ɗaya daga fayafayan ƙungiyar na 1967 ko 1968, ka sa iyafis a kunne biyu. A ji na farko ka bi muryar mawaƙi kawai: ina ta tashi, ina ta lanƙwasa, ina ta tsaya ta ja numfashi. A ji na biyu ka ɗauki takarda ka rubuta kowane abin kiɗa da minti da daƙiƙar da ya shigo da lokacin da ya fita. Za ka tarar da yawancinsu ba sa zama daga farko har ƙarshe, wani sarewa ce ta daƙiƙa 20 ta wuce ba ta sake dawowa. A ji na uku ka nemi amon da ba ya motsi a ƙarƙashin komai.

Kada ka tsaya a kansu kaɗai. Saurari Donovan na 1966, da Tyrannosaurus Rex na Marc Bolan da Steve Peregrin Took, mutum biyu da jita da ƙananan ganguna, da Pearls Before Swine na Amurka. Idan kana son ka ji ɓangaren salon mai duhu da ban tsoro, nemi faifan ƙungiyar Comus na 1971. Faifan Vashti Bunyan na 1970, wanda shi ma Joe Boyd ya ɗauka, Williamson kuma ya yi kiɗa a ciki, yana nuna maka yadda za a yi ƙasa da murya har kusan raɗa. Bai yi kasuwa ba a lokacinsa, sai da aka sake fitar da shi a 2000 matasa irin su Devendra Banhart da Joanna Newsom da ƙungiyar Espers suka farfaɗo da salon a Amurka.

Mataki na biyu: waƙar ta tsaya da ƙafarta

Kafin ka kira kowa, ka iya rera waƙarka daga farko zuwa ƙarshe da jita ɗaya, ko ma ba jita. Idan ba ta riƙe mutum a haka ba, sarewa goma ba za su cece ta ba.

Baitocin wannan salo suna ɗauko abubuwa na kusa: kogi, tsuntsu, bishiya, ƙuruciya, tsufa, mutuwa, tatsuniya. Dabarar ita ce a ambaci abin da kowa ya sani da sunansa, sannan a sa shi ya yi abin da ba ya yi. Misali na kaina: maimakon ka ce kana kewar garinku, ka ce rijiyar bayan gida ta biyo ka birni, tana kwana a ƙarƙashin gadonka. Layi ɗaya irin wannan a kowane baiti ya isa. Idan kowane layi ya zama abin mamaki, mai saurare zai gaji ya daina mamaki. Kuma kada ka bayyana ma'anar a baiti na gaba, bar shi da ita.

Zubin waƙar ma ba dole ya zama baiti, amshi, baiti, amshi ba. A faifan 1968 da na ambata akwai waƙar Heron mai tsawon kusan minti 13, wadda ta ƙunshi sassa daban-daban, har da wani yanki na tsohuwar waƙar addini ta tsibiran Bahamas. Irin wannan zubi kamar shiga tsohon gida ne: daga zaure ka faɗa soro, daga soro ka fito fili, kowane wuri da haskensa da iskarsa, amma gida ɗaya ne. Ga mai farawa, sassa uku sun isa: sashe mai natsuwa, sashe mai motsi, sai na uku da zai ɗauko karin farko cikin wata siga. Ka rubuta abin da zai haɗa sashe da sashe, ko amo ɗaya ne aka riƙe, ko shiru na daƙiƙa biyu.

Mataki na uku: sake ɗaurin jita, ka samu shimfiɗa

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai. Abin da na kira shimfiɗa shi ne amo ɗaya mai ɗorewa wanda ba ya hawa ba ya sauka, kari yana yawo a kansa. A kiɗan Indiya tambura ce, wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, ke yin wannan aiki. A Sikotilan bututun abin busarsu mai jakar iska, wato bagpipe, ne ke yi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya ji yadda tsirkiya ɗaya ke ta maimaita amonta yayin da ɗayar ke magana ya riga ya san abin. Shimfiɗa ce ke sa lokaci ya zama kamar ya tsaya, domin kunne ba ya jiran canjin kod, wato haɗin amo da ake kaɗawa tare, sai ya koma yana lura da ƙananan motsi.

Hanya mafi sauƙi ta samun ta a jita ita ce ɗaurin da ake kira DADGAD, wanda makaɗin Birtaniya Davy Graham ya yaɗa a farkon shekarun 1960 bayan tafiyarsa Maroko. Jitar da aka ɗaure yadda aka saba tana ba da amon da ake kira E, A, D, G, B, E daga tsirkiya ta shida, mafi kauri, zuwa ta ɗaya. Tsirkiya uku kawai za ka taɓa. Sassauta ta shida daga E zuwa D. Sassauta ta biyu daga B zuwa A. Sassauta ta ɗaya daga E zuwa D. Yi amfani da manhajar saita tsirkiya ta waya, sannan ka gwada da kunne: ta shida da ta huɗu da ta ɗaya su zama murya ɗaya, wata ƙasa wata sama. Bayan ka gama ka sake bi ta kansu, domin sassauta wata yakan ɗan motsa sauran.

Yanzu kaɗa duka shida ba tare da ka danne komai ba. Amon da za ka ji ba na farin ciki ba ne, ba na baƙin ciki ba, yana rataye a tsakani. Dalili shi ne babu F, babu F# a cikinsa, kuma a kod ɗin D waɗannan biyun ne ke yanke hukunci. Ɗora yatsa ɗaya a gaɓa ta biyu ta wuyan jita, a kan tsirkiya ta uku, G ya koma A, sai ka samu D da A kaɗai, amo mai faɗi da za ka iya zama a kansa minti biyar.

Daga nan raba aikin hannun dama. Babban yatsa yana bugun ta shida da ta huɗu bi da bi, ba ya tsayawa. Manuni da na tsakiya suna ɗaukar kari a siraran tsirkiyoyi. Ka yi wannan a hankali har babban yatsan ya daina neman iznin kanka. Yawancin masu koyo a nan suke gajiya, su koma shara tsirkiyoyi gaba ɗaya, kuma da sun yi haka sai waƙar ta koma ta kowa. Idan D ya yi wa muryarka ƙasa, sa kafo, wato maƙalin da ke danne dukan tsirkiyoyi, a gaɓa ta biyu, komai ya koma E, yatsunka ba su canza wuri ba.

Idan kana son shimfiɗa mai kauri fiye da ta jita, akwai hanyoyi uku masu araha: harmoniyom, ƙaramin ogan da ake hura wa iska da hannu, da aka danne D da A a kai, manhajar tambura ta waya, ko mutum biyu su riƙe “mmm” suna karɓa-karɓar numfashi don kada amon ya yanke. Ta ukun ta fi burge ni, saboda muryar mutum ba ta taɓa tsayawa cak, tana ɗan rawa, wannan rawar kuwa ita ke ba shimfiɗa rai.

Mataki na huɗu: zaɓi matakalar amo

A kan shimfiɗa ba kod ke ba da launi ba, matakalar da kari ke hawa ce. Gwada waɗannan a tsirkiya ta huɗu ko ta ɗaya, dukansu D ne. Lambobin gaɓoɓin wuyan jita ne, sifili kuwa tsirkiya ce a sake.

Ta farko: 0, 2, 4, 5, 7, 9, 10, 12. Ana kiranta Miksolidiyan. Tana da haske, amma gaɓa ta 10 tana hana ta zama waƙar biki. Tsofaffin waƙoƙin Sikotilan da Ayilan cike suke da ita.

Ta biyu: 0, 2, 3, 5, 7, 9, 10, 12, wato Doriyan. Canjin gaɓa ɗaya ne kawai, 4 ta koma 3, amma sai ka ji yamma ta yi. Ita ce na fi ba mai farawa shawara.

Ta uku: 0, 1, 4, 5, 7, 8, 10, 12. Wannan ta yi kusa da abin da Larabawa ke kira Hijaz. Tazarar da ke tsakanin 1 da 4 ce ke kawo ƙamshin gabas. A yi hattara da ita, tana saurin zama kwaikwayo mara zurfi idan aka zauna a kanta daga farko har ƙarshe. Layi biyu a tsakiyar waƙa sun fi amfani.

Akwai kuma mai hawa biyar: 0, 3, 5, 7, 10, 12, wadda kunnen Bahaushe ya saba da irinta. Abin lura shi ne tana zaune daram a cikin Doriyan, don haka mai sarewa ko mai kukuma zai iya bin abin da hannunsa ya sani yayin da jita ke ƙara E da B, ba za su yi karo ba.

Dabara mai ƙarfi: riƙe shimfiɗar D yadda take, ka canza matakala idan ka shiga sabon sashe. Ƙasa ba ta motsa ba, amma sama ta sauya.

Mataki na biyar: tara kaya, amma ka ba kowa lokacinsa

A fayafayan Incredible String Band za ka ji sita ta Indiya da ud na Larabawa, dukansu masu tsirkiya, da gimbiri, da sarewa iri-iri, da mandolin, da ogan, da ƙananan kuge na yatsa. A faifan 1967 sun gayyato Danny Thompson ya kaɗa babbar bes ta itace, Nazir Jairazbhoy kuma ya kaɗa sita. Williamson da Heron ba ƙwararru ba ne a duk abin da suka ɗauka, amma sun san abin da suke nema daga kowanne: launi guda, a wuri guda.

Gimbiri ɗin da Williamson ya kawo daga Maroko abin kiɗa ne mai tsirkiya da aka rufe cikinsa da fata, ɗan dangin gurmi da garaya da molo, shi kuma yakan goga shi da baka kamar goge. Ma'ana, amon da ya ƙetare teku ya nemo yana nan kusa da kai. Idan kana Kano ko Zinder ko Kumasi, ba ka bukatar sita. Gurmi zai ba ka bugun fata mai ɗumi. Kukuma za ta ba ka dogon layi mai kuka. Kuntigi yana da ƙara siririya mai huda komai. Shantu da ƙwarya suna riƙe lokaci ba tare da sun danne murya ba. Sai dai ka je wurin mai abin da ladabi, ka biya shi haƙƙinsa, ka bar shi ya kaɗa yadda ya iya. Kada ka mai da shi ado.

Ƙa'idar jeri ita ce: a kowane lokaci kada abubuwa su wuce huɗu, wato shimfiɗa, abin da ke riƙe lokaci, murya, da baƙo ɗaya. Baƙon ne ke canzawa. Baiti na farko ba baƙo. Na biyu sarewa ta shigo tana amsa ƙarshen kowane layi. Na uku sarewa ta fita, kukuma ta karɓa. Komawa ga takardar da ka rubuta a mataki na ɗaya zai nuna maka haka suke yi.

Batun saiti kuma, jita ce za ta bi kayan gargajiya, ba su za su bi ta ba. Sarewar kara ba ta da abin murɗawa. Sa mai ita ya busa amonsa na gida, ka ɗaure jitarka a kai, ko da manhaja ta ce kun kauce daga D. Fata tana ɗamewa da hunturu, tana saki da damina, saboda haka a sake duba saitin gurmi kafin kowace ɗauka. Idan ya saki a ɗan kai shi rana ko kusa da ɗumi na ɗan lokaci.

Mataki na shida: lokaci

Ba a bukatar cikakken saitin ganguna. Tafin hannu a kan ƙwarya, ƙaramar ganga, ko caki sun wadatar. Gwada zubin shida-shida, inda ake ƙirga 1-2-3, 4-5-6 da nauyi a kan 1 da 4, yana da lilo. Yi atisaye da metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, don hannu ya daidaita, amma kashe shi ranar ɗauka. Waƙar tana bukatar ta yi sauri kaɗan inda magana ta yi zafi, ta lafa inda ta yi sanyi.

Mataki na bakwai: murya

Muryar Williamson tana zamewa daga amo zuwa amo, tana jan gaɓa ɗaya ta kalma ta bi da ita hawa huɗu ko biyar. Ta Heron ta fi tsayuwa da ɗumi. Licorice McKechnie, wadda ta shiga ƙungiyar daga baya tare da Rose Simpson, tana da siririyar murya kamar ta yarinya. Babu ɗaya daga cikinsu da aka goge. Bambancinsu ne ke sa idan sun haɗu a amshi ka ji mutane ne a ɗaki.

Don haka kada ka kunna Auto-Tune, ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya jawo murya zuwa amo mafi kusa, wannan salo kuwa a tsakanin amo da amo yake rayuwa. Ka rera ƙasa da ƙarfin da ka saba, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. A amshi, maimakon kowa ya bi kari ɗaya, sa mutum ɗaya ya tsaya a kan D ko A yana furta kalmomin, ɗayan yana hawa da sauka. Wani lokaci muryoyin za su gogi juna, su sake rabuwa. Gogayyar nan ake so. Idan kana waƙa da Hausa, ka kula kada zamiyar murya ta karya karin kalma ta juya ma'ana: ja wasalin ƙarshen layi, ka bar tsakiyar kalma lafiya.

Mataki na takwas: ɗauka

Situdiyoyin 1967 da 1968 da tef suke aiki, mai layi huɗu ko takwas, kowane layi yana ɗaukar sautinsa daban. Ƙarancin layi ya tilasta wa makaɗa su yi tare, su yanke shawara tun kafin a danna. Ka ɗora wa kanka wannan iyaka da gangan: layi takwas, ba ƙari. Audacity kyauta ce a kwamfuta, BandLab kuma tana aiki a waya, kowace ta isa.

Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Nemi wanda ke da katifa, labule da kafet, ka tafa hannu sau ɗaya a tsakiya. Idan ka ji wata ƙara mai kaifi ta dawo, rataya bargo a bango mai fuskantarka. Kashe fanka da firji, ka zaɓi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru. Kukan gyare ko tsuntsu daga nesa ba laifi ba ne, yakan ma ƙara wa ɗaukar kyau. Gurnanin inji ne ba ya gyaruwa.

Saita manhajar a 44.1 kHz da bit 24 idan na'urarka ta yarda. Ajiye makirfo kamar santimita 25 zuwa 30 daga jita, yana kallon gaɓa ta 12, ba ramin jitar ba, domin ramin yana fitar da kumburin ƙasa mai yawa. Kaɗa wuri mafi ƙarfi na waƙar ka duba ma'auni: ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB, kada ya taɓa sifili. Ga murya, taƙi ɗaya daga baki ya yi. Ga sarewa, kada makirfo ya fuskanci inda iska ke fita, a sa shi a gefe. Ga gurmi, nufi fatar daga ɗan nesa don a ji jikin ƙwaryar, ba ƙarar farce kaɗai ba.

Fara da jita da babbar murya a lokaci guda, a ɗauka ɗaya. Za su shiga makirfon juna, kuma ba za ka iya gyara ɗaya ba tare da ɗayar ba. Ka yarda da hakan. Yi ɗauka uku ko huɗu cikakku, ka zaɓi wadda ta fi rai, ko da akwai ƙarar yatsa a kan tsirkiya ko numfashi mai ƙarfi. Sannan ka ɗora shimfiɗa, sai abin riƙe lokaci, sai baƙi ɗaya bayan ɗaya, amshi a ƙarshe. Masu amshi su kewaye makirfo ɗaya, mai babbar murya ya ja baya taku ɗaya.

Mataki na tara: dabarun da ke juya kunne

Sai yanzu kwamfuta za ta sa hannu. Zaɓi biyu daga cikin waɗannan a waƙa ɗaya, kada ka kwashe duka.

Juya sauti baya. Amon tsirkiya yana farawa da ƙarfi ya mutu a hankali. Idan aka juya shi sai ya taso daga shiru, ya kumbura, ya yanke farat ɗaya. Don ya dace da waƙar, fitar da kwafin sashen da kake so, juya shi da umarnin Reverse, kaɗa karinka kana sauraron juyayyen, sannan ka juya abin da ka kaɗa ka ajiye shi a kan na asali. Tun da shimfiɗa ba ta canza kod, kusan duk abin da ka kaɗa cikin matakalar zai zauna.

Inuwar da ke riga murya isowa. Kwafi kalmar farko ta baiti, juya ta, sa mata Reverb, wato amsa-kuwwar ɗaki, mai tsawo, sake juya ta, ka daidaita ta da ta asali. Mai saurare zai ji muryar tana tahowa kafin a buɗe baki. Sau ɗaya ko biyu a waƙa ya isa.

Ninka murya. Sake rera baitin a wani layi, kada ka kwafa. Tura ɗaya hagu kaɗan, ɗaya dama kaɗan. Ɗan saɓanin da ke tsakaninsu ne ke kawo jiri mai daɗi.

Amsa-kuwwa mai bin lokaci. Raba 60,000 da saurin waƙar. Idan bugu 80 ne a minti, ka samu milisakan 750, rabinsa 375. Sa wannan a Delay, wato abin maimaita sauti, na sarewa, maimaici biyu ko uku, ƙasa-ƙasa.

Canza gudu. Rage gudun sauti zuwa rabi yana saukar da shi hawa takwas cif, ya ninka tsawonsa. Ɗauki ƙarar ƙaramin kuge ko cokali a bakin kofin gilashi, ka rage gudunsa, za ka samu ƙararrawa mai zurfi wadda babu wanda zai gane asalinta.

Mataki na goma: haɗawa da fita gaban jama'a

Wajen haɗa sauti, murya da jita su zauna a tsakiya, shimfiɗa a ƙasa yadda sai an kashe ta za a san tana nan. Baƙi kuwa a raba su hagu da dama ba tsoro, kamar yadda fayafayan wancan zamani ke yi. Yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya da sarewa. Kada ka matse sautin don ya yi ƙara daidai da waƙoƙin rediyo, bar wurin da ya yi shiru ya yi shiru. Saurara a iyafis, sannan a lasifikar waya. Idan shimfiɗa ta ɓace a waya, ƙara mata wani D na sama da harmoniyom ko murya.

Wurin wasa ma sai an zaɓa. A babban bikin kiɗa na Woodstock da aka yi a Amurka a Agusta 1969 an shirya Incredible String Band za su hau ranar Juma'a tare da sauran masu kiɗan jita, ruwan sama ya sa suka ƙi hawa, aka mai da su Asabar a tsakiyar ƙungiyoyin rok masu ƙara. Taron bai karɓe su yadda aka zata ba, ba su ma fito a fim ɗin bikin ba. Nemi ƙaramin zaure ko tsakar gida mai ɗaukar mutum 30 zuwa 50, jama'a a zaune kusa da ku. Jera waƙoƙin yadda masu ɗauri ɗaya za su biyo juna, don kada ku ɓata lokaci kuna murɗa tsirkiya. Idan akwai jita biyu, bar ɗaya a DADGAD ɗaya a ɗaurin da aka saba. Shimfiɗa kayan kiɗan a tabarma inda hannu zai kai, kowa ya san abin da zai ɗauka a kowace waƙa, kuma mai harmoniyom ya riƙe amonsa yayin da sauran ke canza kaya, har waƙa ta gaba ta shigo a kansa.